Yadda mai ciwon huhu zai ga likita ta waya a lokacin annoba

Ranar 16 ga Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, saura kwana goma Hajiyarmu ta koma wurin likitan ƙirji. Shekara kusan talatin ta yi tana tuyar ƙosai da waina a kan murhun itace, hayaƙin ya bar mata ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kai sigari bakinta ba. Ga kulle, ga azumi ya ƙarato, ga asibitin da kansa ya zama wurin da mai irin ciwonta ya fi kowa tsoron shiga. Sai aka ce likita zai duba ta ta waya.

Kiran farko bai tsinana komai ba. Likita ya ce, "Hajiya, ina wuni? Yaya ƙarfin jikin?" Ta ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi, ɗan nan." Alhali kwana uku a zaune take barci, jingine da bango, don idan ta kwanta numfashi sarƙewa yake yi. Da a ofishinsa ne, da ganin yadda kafaɗunta ke ɗagawa ya ishe shi. A waya kuwa abin da aka faɗa masa kawai ya sani, mu kuma an tarbiyyantar da mu a kan cewa ko rai na hannun Allah amsar ita ce "da sauƙi". Ni ba likita ba ne. Abin da zan zayyana a nan shi ne tsarin da muka koya bayan wannan kiran, kuma zai yi wa mai asma aiki, da mai COPD, da wanda tarin fuka ya warke ya bar masa tabo a huhu.

Da farko, a ƙulla hanya tun ana lafiya

Kada ka jira sai an rufe gari. A zuwanka asibiti na gaba, tambayi likitan ko nas ɗin da ke kula da ku: idan ba a iya zuwa, wace lamba za a kira, wace rana, ƙarfe nawa, kuma kira ake so ko saƙon WhatsApp? Idan akwai biyan kuɗi, a san nawa ne da asusun da ake turawa tun yanzu. Likitan da ya san mara lafiyar, fayil ɗinsa na hannunsa, ya fi baƙon likitan manhaja nesa ba kusa ba. Idan dole ta sa sai baƙon, nemi cikakken sunansa da asibitin da yake aiki. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, kuma likitan gaske ba ya jin haushin a tambaye shi. Masu sayar da "maganin huhu" a Facebook da sunan dokta sun fi yawa a lokacin da mutane ke cikin tsoro.

A wannan zaman kuma ka roƙi likita ya rubuta maka abu uku a takarda ɗaya: maganin kullum da adadinsa, abin da za a yi idan numfashi ya fara tsananta, da lambar oksijin da idan an sauka ƙasa da ita sai asibiti. Ɗauki hoton takardar, da katin asibiti, da sakamakon hoton ƙirji na ƙarshe, ka tura wa mutum biyu a gidan. Sannan a ajiye maganin wata guda na ko-ta-kwana. A kullen 2020 har wanda ke da kuɗi a aljihu sai da ya sha wahalar samun inhela, wato maganin da ake fesawa a baki a shaƙa.

Kayan da za a tanada

Ba su da yawa. Oksimita, wato ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan oksijin a jini, da batirinta na canji. Ma'aunin zafin jiki. Agogo mai nuna daƙiƙa, na waya ma ya isa. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro a ɗaure da shi. Mai asma ya ƙara da bututun busawa mai auna ƙarfin huci, idan ya samu. Sai sifesa, robar da ake sa wa inhela don maganin ya isa huhu maimakon ya tsaya a maƙogwaro.

Idan sifesa ta yi wuya, robar lemo mai cin rabin lita tana tsayawa a madadinta. Ana huda gindin robar daidai girman bakin inhela, a cusa shi ya matse ba tare da iska na fita ba, mutum ya kama bakin robar da leɓɓansa. Wannan ba dabarar kan titi ba ce: likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada ta, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1999, aka ga robar da aka toshe da kyau tana aiki kusan kamar ta kanti. A wanke ta da sabulun wanke-wanke, a kife ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma.

Yadda ake awo, a nan aikin yake

Ka fara awo a ranakun da jiki yake lafiya, don ka san lambar mutumin ta yau da kullum. Mai lafiyayyen huhu yakan nuna 95 zuwa sama. Mai COPD kan iya zama a 90 ko 91 yana harkokinsa, kuma ga da yawa daga cikinsu likitoci 88 zuwa 92 suke so a tsaya. Saboda haka 91 ga Hajiyarmu ba labari ba ne, amma ga ƙanena mai asma wanda kullum yake 98, lambar tashin hankali ce. Idan ba ka san inda mutum yake tsayawa ba, ba za ka gane ya sauka ba.

Mara lafiya ya zauna ya huta minti biyar. A murza hannun ya yi ɗumi, musamman da hunturu, don yatsa mai sanyi ƙarya yake sa na'urar ta yi. A sa ta a yatsan tsakiya ko manuniya, a ɗora hannun a ƙirji ba motsi, a jira minti guda cur har lambar ta daina tsalle. Jan farce da baƙin lalle kan rikita ta; a nemi yatsan da babu, ko a goge. Kada a yi awon a tsakar gida cikin hasken rana.

Lambobi biyu take nunawa. Wadda ke kusa da rubutun SpO2 ita ce oksijin, ɗayar bugun zuciya ce. Ranar farko na ga 84 na zabura ina neman makullin mota, ashe bugun zuciya nake karantawa. Sannan a lura da yadda aka riƙe ta: 86 idan aka kalle ta a juye 98 take komawa, kuma wannan kuskuren ya fi na farko haɗari.

Akwai wani abin da ya shafe mu kai tsaye. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka nuna cewa oksimita kan yi wa masu baƙar fata ƙarin lamba. A cikin waɗanda na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, waɗanda gwajin jini ya nuna oksijinsu ya yi ƙasa sosai sun kai kusan kashi 12 cikin ɗari a baƙaƙe, fararen fata kuwa ba su kai kashi 4 ba. Ma'ana, idan na'ura ta ce 94 amma mutum yana haki, ya kasa magana, mutumin za a gaskata. Haka kuma idan hayaƙin janareta ko na gawayi ya bugi mutum a rufaffen ɗaki, na'urar za ta iya nuna 98 alhali guba na cikin jininsa.

Daga nan sai ƙirga numfashi. Kada ka gaya masa kana ƙirgawa, don da ya sani zai canza. Riƙe wuyan hannunsa kamar kana jin bugun jini, idonka a kan ƙirji ko ciki, ka ƙirga ɗagawa nawa a minti guda cikakke. Babba mai hutawa yakan yi 12 zuwa 20. Daga 25 zuwa sama abin a kira likita ne yanzu, 30 kuwa hanya za a kama.

Mai asma da bututun busawa: ya miƙe tsaye, ya mayar da allurar sifili, ya ja numfashi har ƙarshe, ya rufe bakin bututun da leɓɓa, ya busa da ƙarfi lokaci guda kamar mai kashe fitilar da ke nesa. Sau uku, a rubuta mafi girma. Lamba mafi girma da ya samu cikin mako biyu yana lafiya ita ce ma'auninsa. A ce 400 ce: daga 320 zuwa sama lafiya lau, tsakanin 200 da 320 a bi takardar likita a kuma kira shi, ƙasa da 200 gaggawa ce. Bututun na mutum ɗaya ne, kuma a lokacin annoba ya busa shi kaɗai kusa da taga, ba a fuskar jama'a ba.

Duk wannan a rubuta, safe da yamma, layi guda: kwanan wata, oksijin, bugun zuciya, numfashi, zafin jiki, sau nawa aka shaƙi shuɗiyar inhela (wadda ake sha idan numfashi ya sarƙe), launin kaki, da ko an yi barci a kwance. Ba ya cin minti goma. Na ga masu cewa za su riƙe a ka. Ba a riƙewa.

Ranar kira

Tun da safe a cika caji, a sa data, a kuma sa kati don idan bidiyo ya ƙi a koma kiran murya. Nemo kusurwar da sabis ya fi ƙarfi a gidan. Awa ɗaya kafin lokaci, tura wa likita hoton shafin littafin na mako guda, da hoton dukkan magungunan a jere a kan faranti, sunayensu na kallon kyamara. Dukkansu nake nufi, har da na hawan jini, da na ciwon gwiwa da aka sayo a kemis, da jiƙon da maƙwabciya ta kawo. Akwai dalili: asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna tayar wa wasu masu asma da ciwo, haka ma wasu magungunan zuciya irin su furofaranolol. Likita ba zai yi duba ya gano abin da ke ƙarƙashin filo ba.

Zaunar da mara lafiya yana fuskantar taga ko ƙofa, haske a fuskarsa, ba a bayansa ba. Jingina wayar da wani abu ta tsaya, a ga fuska da ƙirji. A kashe rediyo, a fitar da yara. Mutum ɗaya ya zauna kusa da biro. Idan mace ce kuma ba ta sake ba a gaban 'ya'ya maza, 'yarta ko ƙanwarta ta zauna da ita.

A gaisa, amma a taƙaita. Sannan a bar "da sauƙi" a bakin ƙofa. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce auna numfashi da ayyukan gida. Maimakon "tana ɗan haki", sai na ce: "Ranka ya daɗe, makon jiya tana zuwa banɗaki ta dawo ba ta tsaya ba, yanzu sai ta huta a hanya. Sallar asuba a zaune ta yi ta tun ranar Talata. Kakin da fari ne, ya koma ruwan ɗorawa, ya kuma ƙaru. Shuɗiyar inhela sau biyu take sha a rana, jiya sau shida." Wannan jimloli huɗu sun fi hira ta rabin awa. Ga mai COPD musamman, abu uku likita ke saurare: ƙaruwar haki, ƙaruwar kaki, da canjin launinsa. A faɗi ranar da kowanne ya fara, a faɗi ko akwai zazzaɓi, ko wani a gidan yana mura ko tari, ko mara lafiyar ya je taron biki ko jana'iza.

Ka bar mara lafiyar ya yi magana da bakinsa ko kaɗan ne. Likita yana sauraren inda numfashi ke yanke masa jimla. Idan ya ce a tashi a yi taku arba'in a ɗaki, ko a yi ta tashi da zama a kujera na minti guda a sake awo, a yi yana kallo. Saukar oksijin da maki 3 ko fiye bayan motsi alama ce da yake nema. Kada a yi wannan gwajin ba da izininsa ba, ko kuma idan lambar tana ƙasa tun ana zaune.

Abin da bidiyo ya fi amfani a kansa, a ganina, shi ne likita ya ga yadda ake shaƙar inhela. Shekara huɗu Hajiya na fesawa a baki kamar turare, hayaƙin na fita ta gefe, babu wanda ya lura sai da likita ya ce, "Hajiya, ki sha in gani." Yadda ya gyara mata: a girgiza inhela, a sa a sifesa, a fitar da numfashi, a kama baki, a danna sau ɗaya tak, a ja numfashi huɗu ko biyar a hankali ta cikin robar. Idan fesa biyu aka rubuta, a sake girgizawa a maimaita, ba a danna biyu a jere ba. Bayan inhelar kariya, wato ta kullum mai sinadarin sitiroyid, a kuskure baki a zubar. Wanda sabis ɗinsa ba ya ɗaukar bidiyo kai tsaye, ya ɗauki gajeren bidiyo ya tura.

Kafin a ajiye waya, mai biro ya karanta wa likita abin da ya rubuta: wane magani, nawa, sau nawa, kwana nawa, me aka daina, yaushe za a sake kira. Roƙe shi ya turo sunan maganin a rubuce. Sunayen magani suna kama da juna a kunne, kuma yaron kemis zai ba ka abin da ya ji ne. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Tsakanin kira da kira

Kada a daina inhelar kariya don tsoron annoba. A 2020 an yi ta raɗe-raɗin cewa sitiroyid na raunana garkuwar jiki, wasu suka ajiye tasu, alhali ƙungiyar GINA mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya cewa ta yi a ci gaba da sha. Shuɗiyar, wato salbutamol da aka fi sani da Ventolin, buɗe hanya kawai take yi na 'yan awanni. Fesa 200 ne a cikinta, kuma wanda ke ƙarar da ita a wata guda ciwonsa ba a riƙe yake ba, ko da yana jin daɗinta.

Kada kuma a ƙara abin da ba a rubuta ba. A Maris ɗin 2020 hukumomin lafiya a Legas sun ba da rahoton mutanen da kulorokwin ya kwantar bayan an yi ta yayata cewa yana maganin korona. Da aka sanar a watan Yuni cewa dekzametazon na ceton ran masu korona, sai aka yi ca a kansa, alhali gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna amfaninsa ne ga waɗanda ke kwance ana ba su oksijin, ba mai zaune a gida ba.

Injin nebulaiza, mai mayar da magani tururi a shaƙa, yana watsa tururin a ɗaki, yana iya ɗaukar ƙwayar cuta ya raba wa na kusa. Inhela da sifesa sukan yi aikinsa ga yawancin mutane. Idan likita ya ce sai shi, a yi a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, sauran mutane su fita.

Sai gidan kansa. Kulle yana tara kowa wuri guda, girki ya ƙaru, hayaƙi ya ƙaru. Murhun itace ya koma can nesa da ɗakin mara lafiya. Turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi da kaskon gawayi su bar ɗakinsa. A ɗaura gidan sauro. A yayyafa ruwa kafin shara. Na san raba Hajiya da turaren wuta sai da rigima, mun yi ta. Idan azumi ya shigo, a tambayi likita ko za a mayar da maganin safe da dare zuwa sahur da buɗa-baki; hukuncin inhela da rana kuwa malamai sun yi maganganu a kai, a tambayi wanda aka amince da shi tun kafin a ga wata. Rigakafin annobar idan ya samu, masu ciwon huhu na cikin waɗanda ake fara yi wa.

Inda waya ta ƙare

Likita ba zai sa abin sauraro a ƙirji ta waya ba, ba zai ɗauki hoton huhu ba, ba zai gwada kaki ba. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi, a kira shi a hanya: mutum ya kasa ƙarasa jimla, harshe, dasashi ko cikin leɓe ya koma toka-toka ko shuɗi (a baƙar fata nan ake dubawa, ba kumatu ba), ruɗewa ko barcin da ba a saba ba, ciwon ƙirji mai tsanani, jini a kaki, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, oksijin ya sauka 92 ko ƙasa ga wanda ya saba sama, ko ƙasa da lambar da likita ya rubuta wa mai COPD, ko an sha shuɗiyar inhela ba ta yi komai ba. Mai asma da ƙirjinsa ke yin ƙara kamar fito sannan ya yi tsit alhali yana ƙara galabaita, wannan shirun ba sauƙi ba ne.

Kafin a samu mota, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar. A ba shi shuɗiyar ta sifesa, fesa ɗaya duk bayan rabin minti zuwa minti guda, har goma. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya 112 ce, ta hukumar NCDC mai yaƙi da annoba kuma 6232, amma gaskiya lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahun da ya yarda a tashe shi da dare ita ce ta fi saurin amsawa a yawancin unguwanni. A nemi asibitin da ke da oksijin tun ana lafiya, a san ƙofar da ake shiga da dare.

Kuma ba duk tari ne annobar da ake yayi ba. Sabon tari da ya kai mako biyu, da rama, da gumin dare, gwajin kaki yake buƙata don tarin fuka, kuma gwajin da maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wannan sai an kai kakin da ƙafa.

A rataye jaka guda a bayan ƙofa: katin asibiti, takardar likita, littafin awo, inhela da sifesa, takunkumi biyu, cajar waya da ɗan kuɗin mota. Da an isa, a miƙa wa nas littafin a buɗe a shafin ƙarshe, a gaya mata lambar oksijin ɗin da mutumin ya saba da ita da wadda aka gani kafin a fito.